BORIS UVAROV (1886–1970): MASANIN DA YA TONA ASIRIN FARA

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar noma ya san cewa fara iri biyu ce a idon manomi. Akwai wadda yara ke bi a bakin gona suna kamawa, wadda ɓarnarta ba ta taka kara ta karya ba, har ma akan soya ta da yaji a sayar a kasuwa. Akwai kuma wadda ke tasowa gungu guda kamar hadari, ta rufe rana, ta sauka a gona da hantsi, kafin la'asar ta bar wa mai gona kara tsaye. Shekaru aru-aru mutane suna tambayar daga ina wannan ta biyun take fitowa, kuma ina take shiga idan ta ɓace, domin akan yi shekara goma ko fiye ba a ga alamarta ba, sai kwatsam ta dawo.

Mutumin da ya soma ba da amsa mai gamsarwa ga wannan tambaya shi ne Boris Petrovich Uvarov, ɗan asalin Rasha wanda ya ƙare rayuwarsa a Ingila. Abin da ya gano shi ne, a wasu jinsunan fara, mai zaman kaɗaicin nan da ba ta da illa da mai tafiya gungu-gungu tana cinye amfanin gona halitta ɗaya ce, yanayin wurin zamanta ne ke sauya mata kama da hali. Wannan maƙala za ta bi tarihin rayuwarsa, ta nuna yadda zaman daji da lura da ɗabi'un ƙwari a busassun wurare suka kai shi ga wannan sani, da kuma yadda sanin ya sauya hanyar yaƙi da fara a duniya, har da yankinmu na Afirka ta Yamma.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Uvarov a ranar 3 ga watan Nuwamba, 1886, a garin Uralsk da ke bakin Kogin Ural, a cikin daular Rasha ta wancan zamani. A yau garin yana cikin ƙasar Kazakistan. Littattafai da dama sun daɗe suna ba da 1888 ko 1889 a matsayin shekarar haihuwarsa, sai a 2016 wasu masana tarihin kimiyya suka binciko takardun asali suka tabbatar da 1886. Mahaifinsa ma'aikacin bankin gwamnati ne, kuma Boris shi ne auta a cikin 'ya'ya maza uku.

Ƙasar da ya tashi a cikinta shimfiɗaɗɗen fili ne mai ciyawa, itatuwa kaɗan ne, ruwan sama ba shi da yawa, ga zafi da rani ga tsananin sanyi da hunturu. Irin wannan wuri gidan fara ne, don haka tun yana yaro ya saba da kama ƙwari yana tarawa. Mahaifinsa ya ƙara masa ƙwarin guiwa da ya saya masa kundin littattafan wani Bajamushe mai suna Brehm a kan rayuwar dabbobi.

Bayan ya gama makarantar garinsu, sai ya shiga makarantar koyon aikin haƙar ma'adinai a Yekaterinoslav, garin da ake kira Dnipro a ƙasar Yukiren ta yau. Bai daɗe ba ya gane cewa zuciyarsa ba a nan take ba. A 1906 ya koma Jami'ar Saint Petersburg ya karanta ilimin halittu, ya kammala a 1910. A lokacin da yake ɗalibi ya lizimci zaman Ƙungiyar Masana Ƙwari ta Rasha, inda ya riƙa cuɗanya da manyan masana, yana koyon yadda ake tantance jinsin ƙwaro da bambance shi da ɗan'uwansa. A shekarar da ya gama jami'a ya auri matarsa Anna, suka haifi ɗa guda, Evgeny, wanda daga baya ya shahara a Ingila da wallafa ƙamus na kalmomin kimiyya.

Aikinsa a Dajin Rasha

Aikinsa na farko shi ne na jami'in ƙwari a wata babbar gonar auduga ta gidan sarauta a kwarin Kogin Murgab, cikin hamadar ƙasar Turkumenistan ta yau. Daga nan aka tura shi lardin Stavropol da ke arewacin duwatsun Kokasas, inda fara ta addabi manoma. A 1912 aka naɗa shi shugaban ofishin kula da ƙwari na lardin, alhali bai wuce shekara 26 da haihuwa ba.

Aikin da aka ba shi na kashe fara ne, kuma ya yi shi. Ya tsara ƙungiyoyin ma'aikata, ya shigo da amfani da maganin guba a maimakon tsohuwar hanyar tara ƙauyawa su haƙa ramuka su kora ɗango ciki, wato 'ya'yan fara waɗanda ba su kai ga yin fiffike ba. To amma bai tsaya ga kisa kawai ba. Ya riƙa bin farar har fadamun da ke ƙarshen kogunan Kuma da Terek, wajen Tekun Kasbiyan, inda take ƙyanƙyasa a cikin dogayen ciyayin bakin ruwa. Yakan lura da inda ta sa ƙwai, ya dawo da bazara ya ga abin da ya fito, ya kama samfuri ya auna, ya rubuta.

A wancan lokaci masana sun yarda cewa akwai jinsuna biyu mabambanta a yankin. Ta farko suna kiranta Locusta migratoria, ita ce mai ƙaura. Ɗangonta baƙi ne da ratsin ruwan goro, yana tafiya runduna guda, kuma idan ta girma bayan wuyanta a lotse yake kamar sirdi. Ta biyu suna kiranta Locusta danica. Ɗangonta yawanci kore ne, kowane yana harkar gabansa, babbar kuma tana da ɗan tozo a bayan wuya, ba ta ƙaura, ba ta kuma damun kowa. Duk wanda ya ɗora su a tafin hannu zai rantse ba dangin juna ba ne.

A shekarun 1912 da 1913 Uvarov ya ga abin da ya saɓa wa wannan rabo. A wuraren da ya tabbata gungun mai ƙaura ne ya sa ƙwai, sai ga 'ya'ya masu kamar ta biyun sun fito a cikinsu, ga kuma wasu da ke tsaka-tsaki, ba su zama wannan sosai ba, ba su zama waccan ba. A daidai wannan lokaci wani masani mai suna Plotnikov yana kiwon fara a keji a birnin Tashkent, shi ma ya ga 'ya'ya suna fitowa da kamar da ba ta iyayensu ba. Uvarov ya riƙe wannan a ransa, ya ci gaba da tara hujja, bai yi gaggawar shelantawa ba.

Ƙaura Zuwa Landan

A 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka mayar da shi birnin Tiflis, wato Tibilisi babban birnin Jojiya, domin ya kafa tashoshin kare amfanin gona a yankin kudancin Kokasas. Yana can juyin-juya-halin 1917 ya rushe daular Rasha. Jojiya ta ɓalle ta zama ƙasa mai cin gashin kanta, rayuwa ta yi tsanani, kuma zaman Barashe a wurin ya zama da wuya. Ya ɗan yi aiki a gidan tarihi na ƙasar, yana kuma koyarwa a jami'ar birnin.

A cikin sojojin Birtaniya da suka zo yankin bayan yaƙi akwai wani likita masanin ƙwari mai suna Patrick Buxton, wanda shi ma daga baya, a 1923, ya wallafa littafi a kan rayuwar dabbobin hamada. Haɗuwarsu ce ta buɗe wa Uvarov ƙofa. Ta hanyarsa labarinsa ya kai ga Guy Marshall, shugaban ofishin nazarin ƙwari na daular Birtaniya, wanda ya ba shi aiki. A 1920 Uvarov ya iso Landan da iyalinsa. Danginsa da ya bari a baya sun sha wuya ƙwarai. 'Yar ɗan'uwansa, Olga, ta rasa iyayenta a cikin hargitsin, sai a 1923 ya samu aka kawo masa ita Landan ya riƙe ta. Wannan marainiya ce ta zama likitar dabbobi, har a 1976 ta zama mace ta farko da ta shugabanci majalisar likitocin dabbobi ta Birtaniya.

Aikinsa na yau da kullum a Landan shi ne tantance ƙwarin da jami'an gona ke aikowa daga ƙasashen da Birtaniya ke mulka. Wannan ya ba shi damar ganin fara daga Afirka da Asiya da sauran sassan duniya, ya kwatanta da abin da ya gani da idonsa a dajin Stavropol. A tsawon rayuwarsa ya bayyana ɗaruruwan jinsunan fara waɗanda kimiyya ba ta san da su ba kafin shi.

Ra'in Sauyin Kama

A 1921 ya buga maƙalar da ta ɗaukaka sunansa. A cikinta ya nuna cewa migratoria da danica jinsi ɗaya ne mai kama biyu, kuma zuriyar ɗaya tana iya rikiɗa ta koma ɗayar. Daga nan ya ba da amsar tsohuwar tambayar nan. Idan annoba ta lafa, farar ba ta tafi ko'ina ba, tana nan a warwatse cikin kamar kaɗaici, mutane na wucewa ta kusa da ita ba su gane ta ba. Idan yanayi ya ba ta dama, sai ta koma kamar taro, ta zama gungun da ake tsoro.

Masana da yawa ba su karɓi wannan ra'i nan take ba, domin ya saɓa wa abin da suka sani game da jinsi. Amma hujjoji sun yi ta zuwa daga wurare masu nisa da juna. A Sudan, Johnston ya nuna a 1926 cewa farar hamada ma haka take, wadda ake ɗauka wani jinsi ne daban ashe kamar kaɗaicinta ce. A Afirka ta Kudu, Faure ya yi gwaji a keji, ya buga sakamakonsa a 1932. Idan ya ware ɗango shi kaɗai sai ya tashi da kamar kaɗaici, idan ya cunkusa su da yawa wuri guda sai su tashi da launi da halin taro. Wannan ya tabbatar da cewa cunkoso shi ne mabuɗin al'amarin. Shi kuwa Uvarov, a 1928 ya fitar da babban littafi a kan fara wanda ya zama jagora ga ma'aikatan gona na ƙasashe da yawa, sannan a 1929 shi da Zolotarevsky suka daidaita sunayen kamannin uku: ta kaɗaici, ta taro, da ta tsaka-tsaki.

Ya kamata mai karatu ya lura cewa ba kowace fara ke da wannan baiwa ba. Daga cikin dubban jinsunan da ke duniya, kimanin ashirin ne kawai ke rikiɗa haka. Yadda abin ke faruwa ga farar hamada kuwa shi ne, idan aka yi ruwa mai yawa a hamada, ciyawa takan tsiro, fara ta sa ƙwai a cikin yashi mai laima, su ƙyanƙyashe cikin kimanin mako biyu. Kowane zubi na haihuwa yana iya ninka yawanta har sau 20. Idan ruwa ya ɗauke, ciyawa ta soma bushewa, sai dukansu su taru a 'yan wuraren da suka rage da ɗanyen ganye. A nan suke gogar juna, hali ya sauya, mai gudun 'yan'uwanta ta koma mai neman su. Ɗango kore ya zama baƙi da rawaya, mai tashi da dare ita kaɗai ta koma mai tashi da rana cikin gungu. Ashe ruwan da ke rayar da hamada da bushewar da ke biyo bayansa su ne ke haɗuwa su haifi annobar.

Neman Maƙyanƙyasar Fara a Afirka

Uvarov ya fahimci cewa wannan sani yana da amfani a aikace. Idan har gungu yana somawa ne daga wasu keɓaɓɓun wurare inda yanayi ke tara fara, to maimakon a jira ta iso gona, sai a nemo wuraren a sa musu ido, a kashe ta tun tana ɗango. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Damar gwada wannan ta zo a ƙarshen shekarun 1920, lokacin da jinsuna uku suka ɓarke a Afirka kusan a tare: farar hamada, da fara mai ƙaura ta Afirka, da jar fara. A 1929 gwamnatin Birtaniya ta ɗora wa Uvarov alhakin tattara bayanai a kansu. Ma'aikatan ofishin nasa a farko su biyu ne, shi da wata matashiya 'yar asalin Rasha mai suna Zena Waloff, a cikin gidan adana kayan tarihin halittu na Landan. Suka roƙi jami'an mulki da na gona a ko'ina su riƙa aiko da rahoto: ranar da aka ga gungu, wurin, launinsa, inda ya dosa, ko ya sa ƙwai. Waloff ta riƙa sa kowane rahoto a taswira wata bayan wata. Da taswirorin suka taru, sai aka iya bin sawun annoba a koma baya har inda ta taso.

Tun da fara ba ta san iyakar ƙasa ba, dole aka haɗa kai. An yi taron ƙasa da ƙasa har sau biyar a kan matsalar: a Roma a 1931, Faris a 1932, Landan a 1934, Alƙahira a 1936, da Burusel a 1938. Tun a taron farko aka amince ofishin Landan ya zama cibiyar tattara bayanai ta kowa da kowa.

Sakamakon ya ba da mamaki. Annobar fara mai ƙaura, wadda ta ɗauki daga 1928 zuwa 1941 ta kuma mamaye mafi yawan Afirka kudu da Sahara, an gano ta taso ne daga wuri guda, wato fadamun da Kogin Neja ke malalewa a tsakiyar ƙasar Mali ta yau. Wannan annoba ta shafi Arewacin Nijeriya a farkon shekarun 1930, kuma fara na cikin abubuwan da suka jawo yunwar 1931 a yammacin Nijar. Jami'an ƙwari da ke aiki a Nijeriya sun taka rawa a binciken. Lean ya bi sawun farar har fadamun Mali, shi kuma Golding ya yi zaman nazarin fara a bakin Tafkin Chadi, ya buga sakamakonsa a 1934. Ita ma jar fara an gano maƙyanƙyasarta a kwarin Rukwa na Tanzaniya da fadamun Mweru wa Ntipa na Zambiya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kafa hukumomin haɗin guiwa masu tsaron waɗannan wurare, ta jar fara a 1949, da kuma ta fara mai ƙaura a Mali. Tun daga lokacin, babu ɗaya daga cikin jinsunan biyu da ya sake mamaye nahiyar kamar yadda ya yi a shekarun 1930.

Farar Hamada

Farar hamada ta fi sauran wuyar sha'ani, domin ba ta da maƙyanƙyasa ta dindindin. Ko a shekarun da take kwance, tana warwatse a faɗin ƙasa mai kimanin murabba'in kilomita miliyan 16, daga Muritaniya zuwa Indiya, a cikin ƙasashe wajen 30. Duk inda ruwa ya sauka a wannan faɗi, nan ne gidanta na wannan shekara. Idan ta ɓarke tana iya shafar ƙasashe 60. Gungu mai faɗin murabba'in kilomita ɗaya yana ɗauke da fara miliyan 40 zuwa 80, kowace tana cin kwatankwacin nauyinta, wajen giram 2, a kullum. Ƙaramin gungu irin wannan yana cin abin da zai ciyar da mutum 35,000 a rana guda.

Saboda haka Uvarov ya dage a kan cewa sai an shiga hamadar an zauna da farar. Shi da kansa ya yi nazarin wani jinsin a Turkiyya da Iraƙi da Siriya a farkon shekarun 1930. Ya kuma ƙarfafa wa matasan masana guiwa su tafi inda abin yake. Kennedy ya zauna a gaɓar Bahar Maliya ta Sudan yana lura da yadda fara ke taruwa a kan 'yan tsirarun ciyayi da wuraren shan hantsi, ya buga bayaninsa a 1939.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, sai ga sabuwar annoba tana barazana ga abincin Gabas ta Tsakiya da Gabashin Afirka. Bisa shawarar Uvarov aka kafa rundunar yaƙi da fara ta Gabas ta Tsakiya. A hunturun 1943 zuwa 1944 motocin soja suka ratsa hamadar Larabawa da izinin Sarki Abdul'aziz, suna watsa dusa gauraye da guba a gaban rundunonin ɗango. Neman maƙyanƙyasar fara ne kuma dalilin da ya sa a 1945 aka ɗauki matafiyin nan Wilfred Thesiger aiki, abin da ya ba shi hanyar ratsa hamadar Rub'ul Khali a kan raƙumi.

A 1945 ofishin nan na mutum biyu ya zama cikakkiyar Cibiyar Binciken Yaƙi da Fara, Uvarov ya shugabance ta har zuwa 1959. A ƙarƙashinsa masana ƙwari da masana yanayin sama suka yi aiki tare. A 1951 Rainey ya nuna cewa gungun fara bin iska yake yi, iskar kuma tana kai shi inda iskoki ke karo da juna, wato daidai inda ruwa zai sauka. Wannan ya sa aka soma iya hasashen inda gungu zai dosa. Peggy Ellis ta yi nazarin yadda ɗango ke koyon tafiya tare. A 1967 kuma, Roffey da Popov na wannan cibiya suka shaida da idonsu yadda farar kaɗaici ta taru ta rikiɗa ta zama gungu a yankin Tamesna na arewacin Nijar, abin da ya ƙara tabbatar da ra'in Uvarov a cikin daji.

Ƙarshen Rayuwarsa

Uvarov ya zama ɗan ƙasar Birtaniya a 1943. An zaɓe shi cikin Ƙungiyar Masana Kimiyya ta Masarautar Ingila a 1950, ya shugabanci ƙungiyar masana ƙwari ta ƙasar daga 1959 zuwa 1961, kuma a 1961 aka ba shi lambar girma mai ɗauke da laƙabin Sir. Ya kasance mai ba Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya shawara tun lokacin da ta soma shiga harkar fara a farkon shekarun 1950.

Duk da cewa a zamaninsa ne aka samu magunguna masu ƙarfi da jiragen feshi, bai taɓa ɗaukar feshi a matsayin maganin ƙarshe ba. A ganinsa feshi kwantar da ciwo yake yi na ɗan lokaci, tushen matsalar yana cikin muhalli. A rubuce-rubucensa na ƙarshe, ciki har da nazarin da ya yi wa hukumar UNESCO a 1957 a kan dangantakar fara da bushewar ƙasa, ya yi gargaɗin cewa sare daji da yawan kiwo a wuri guda da buɗe sababbin gonaki a busassun wurare suna iya samar wa fara irin mazaunin da take so.

Bayan ya yi ritaya ya duƙufa ga rubuta babban kundin da zai tattara duk abin da aka sani game da fara. Juzu'i na farko ya fito a 1966. Matarsa Anna ta mutu a 1968, shi kuma ya mutu a Landan ranar 18 ga watan Maris, 1970, yana da shekara 83, bai kammala juzu'i na biyu ba. Abokan aikinsa, ciki har da Zena Waloff, su ne suka ƙarasa shi ya fito a 1977.

Kammalawa

Binciken da aka yi bayan mutuwarsa ya ƙara fito da abin da ya hango. A 2001 masana a Jami'ar Oxford suka nuna cewa yawan taɓa cinyar ƙafar baya ta farar hamada ya isa ya sauya mata hali cikin 'yan sa'o'i. A 2009 aka gano cewa wani sinadari mai suna serotonin da ke ƙaruwa a jijiyoyinta shi ke kunna wannan sauyi. Aikin tattara rahoto da taswira da ya soma da Waloff ya koma hannun Hukumar Abinci da Aikin Gona a Roma tun 1978, inda aka haɗa shi da hotunan tauraron ɗan'adam masu nuna inda ruwa ya sauka da inda hamada ta yi kore.

Sai dai tsarin rigakafin da ya bari yana da sharaɗi, wato a ci gaba da aika mutane cikin hamada ko a shekarun da babu fara, kuma a nan ne gwamnatoci kan yi sakaci. Annobar 1986 zuwa 1989 ta samu ƙasashen Sahel ba su shirya ba, har a 1988 wasu gungu suka tsallaka Tekun Atlantika suka sauka a tsibiran Karibiyan. Ta 2003 zuwa 2005 ta ci ɗaruruwan miliyoyin daloli kafin a shawo kanta, kuma ita da ƙarancin ruwan sama ne suka jefa Nijar cikin matsalar abinci ta 2005. A 2012 rashin tsaro a Libiya da arewacin Mali ya hana masu sa ido isa wurare da dama. A 2018 guguwar teku biyu suka zubar da ruwa a Rub'ul Khali, fara ta hayayyafa babu mai gani, yaƙin Yaman ya hana a tare ta, zuwa 2020 Kenya ta ga annobar da ba ta ga irinta ba cikin shekara 70.

Manomin Katsina ko Maraɗi ba lalle ne ya taɓa jin sunan Uvarov ba, amma amfanin gonarsa yana da alaƙa da jami'in da ke yawo a Tamesna ko gindin duwatsun Azbin bayan damina, yana ƙirga fara a cikin ciyawa yana duba launin ɗango. Wannan aiki shi ne wanda Uvarov ya soma a fadamun Kuma da Terek a 1912, kuma muddin ana ruwa a hamada ana bushewa, ba a gama shi ba.